DAMAGARAM A TAFIN HANNUN INNA



Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda ake karɓar baƙo a ɗakin mace a da. Bayan ruwa da gaisuwa, kafin abinci ya sauka, sai a sauko da albam daga saman kabad a miƙa masa. Ya yi ta buɗawa yana tambaya, wannan wace ce, wannan bikin wa ne, matar gida tana ba shi amsa daga bakin murhu. Yau hotunanmu sun fi na da yawa nesa ba kusa ba, amma duk suna kulle a cikin waya, kuma mai wayar kaɗai ya san lambar buɗe ta. In ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge, shi ke nan an yi asarar shekaru.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani ɗan ƙaramin albam da na haɗa da hannuna saboda mahaifiyata.

Inna haifaffiyar Damagaram ce, unguwar Birni, ba nisa da gidan sarki. Aure ne ya kawo ta Kano a 1972, amma har yau makaranta lakwal take ce mata, kuma in hira ta yi daɗi sai ta tuna mana cewa garinsu ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mayar da shi Yamai a 1926. Ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta doguwar tafiya, ga hawan jinin ido, wanda likita ya ce ganin da ya tafi ba ya dawowa. Da hunturun 2022 ta ce in je in gano mata ƙaninta, Kawu, don shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

Na bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka wuce Matamai da Kance. Tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, amma ga Inna ta fi Makka nisa. Kwanana tara na dawo da hoto sama da 300 a waya, ina ɗokin in nuna mata. Ta karɓa ta kai kusa da idonta, ta shafa, ta miƙo min.

"Ke 'yar nan, ni fa santsin gilashi kawai nake ji."

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to wanda ganin ya guje wa fa? Da asuba dabara ta zo min: tunda ido ya gaza, bari in kai wa hannunta da hancinta garin.

Aikin farko, kuma mafi wuya, shi ne zaɓe. Cikin 300 na ware 12 kacal. Na ajiye duk hotunan da na tsaya ina gyara mayafi, na ɗauki waɗanda ke da labari: ƙofar gidan da aka haife ta, rijiyar tsakar gida, duwatsun nan na Birni, ƙofar fadar sarki, fuskar Kawu dab da dab. Na kai gidan hoto aka wanke min su, na ce a ƙara musu haske, don ɗan ganin da ya rage mata ya samu abin kamawa.

Sauran kayan duk a cikin badala na same su. Kwalin takalmi na yanka gida shida daidai wa daida, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. A marinar Ƙofar Mata na sayi guntun shuɗin ƙyalle na rufe kwalayen. A Kasuwar Kurmi na je wurin wani dattijon baduku mai ɗinkin tadarishi da gafaka, ya yanka min jar fata ta bango, ya huda min ramuka uku, ya nuna min yadda zan bi su da basilla da zare mai kauri. Shi ne ya gargaɗe ni kada in kuskura in liƙa da sitaci ko kwaɓin fulawa, don abincin kyankyasai ne. Ya ce in jiƙa ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada. Ƙaron ya kama ƙyalle da takarda tsaf. Su kuwa hotunan ban bari danshi ya taɓa su ba, kusurwa huɗu na tsaga a takarda na soke su ciki. Leda ma ban sa ba, duk mun ga yadda zafin Kano ke manne ta a fuskar hoto har ta kwashe kamannin mutum.

Sannan kowane hoto na ba shi abokin zama daga tsarabar da ke cikin jakata. Kusa da ƙofar gidansu na ɗinke wani ɗan ƙulli mai rairayin da na ɗebo a bakin zauren. Kusa da hoton kasuwa na ɗaure tsabar sefa 100, wadda mutanen can ke kira dala ashirin, don su da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi. Shafin hanya ya samu takardar da aka ba ni a tasha. Shafin matar Kawu na yi masa aljihu na zuba turaren wutar da ta haɗa min. A gefen fuskar Kawu kuwa na ɗinka bakin tsohon rawaninsa, wanda ya yaga da hannunsa ya ce in kai wa yayarsa.

Mako uku na yi ina wannan aiki, har rubutun littafin da nake kai ya tsaya. Ranar da na ɗora mata shi a cinya, sai da ta shinshina bangon tukuna. Ta buɗe, yatsunta suka faɗa kan tsabar, ta yi dariya ta ce, "Dala ashirin!" Da ta iso kan rawanin sai ta yi shiru. Ta daɗe tana murza shi, sannan ta kira shi da sunan da suke kiransa yana yaro, sunan da ban taɓa ji ba duk tsawon rayuwata.

Daga nan baki ya buɗe. Kowane shafi sai ta ce in ɗauko alƙalami: wane ɗan wane ne, wance ta auri wane a Mirriya, su wane sun koma Agadas. Na rubuta a bayan shafukan da boko saboda jikoki, ƙanena ya maimaita da ajami kamar yadda ta nema. Ni da nake ƙirƙirar dangi a littafi ina sayarwa, sai ga shi a bayan kwalin takalmi na fara sanin nawa na gaskiya.

Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Babu wanda ya samu zuwa daga gidanmu, ta waya muka yi ta'aziyya. Masu zuwa yi wa Inna gaisuwa kuwa albam ɗin take miƙa musu, ta ce su buɗe shafi na tara su ga wanda suke yi wa addu'a.

Don haka 'yar'uwa, in kin dawo daga tafiya, ko Umara ce ko biki a Zariya, kada ki bar komai a waya. Zaɓi goma ki wanke, ki adana tikiti da ƙyallen anko, ki zauna da tsohuwar gidanku ta faɗa miki sunaye tun tana da bakin faɗa. Zumunta a ƙafa take, amma ranar da ƙafa ta gaza, abin da hannu ya riƙe shi ke saura.

Allah ya jiƙan Kawu da dukkan magabatanmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.