Sarƙata Tana Cikin Injin A-Kori-Kura

'Yar uwa, na san da kin ga kan wannan magana za ki ce me ya haɗa mace da injin mota, ba girki ba, ba kwalliya ba, ba rainon yara ba? To ki ɗan yi haƙuri ki gyara zama. Ni ma da haka nake cewa, har ranar da na wayi gari sarƙata da 'yan kunnena na gwal sun narke a cikin wani inji, ban san ta inda suka shiga ba balle in san ta inda za su fito.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, direba ne, kuma da aka zo rabon gado tsohuwar motarsa ce ta faɗo a rabona, Fijo 404 irin wadda ake kira a-kori-kura. Ke da kika taso kwanan nan ƙila ba ki san darajarta ba. A Faransa aka fara ƙera 404 a shekarar 1960, sannan kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, daga nan ta cika ƙasar nan, babu kasuwar ƙauyen da ba ta taka ba. Da ita Baffa ya ciyar da mu, yana ɗauko hatsi daga ƙauyuka yana kaiwa Dawanau. Amma lokacin da ta zo hannuna ta riga ta gaji, hayaƙi take kamar an hura ɗanyen itace, ga shan baƙin mai, in ta ga tudu kuwa sai ta fara tari. Haka muka jingine ta a ƙofar gida, yara suna wasan ɓuya a bayanta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

A shekarar 2021 kasuwar maigidana ta karye. Wata rana da daddare bayan yara sun yi barci ya ce, "Maman Abba, ni fa na yi tunani, da za a tayar da motar nan a sa mata inji mai ƙarfi, da na koma ɗaukar kaya mun rufa wa kanmu asiri." Na ce to da me za a tayar? Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Na gane shirun. Washegari na buɗe akwati na ɗauko sarƙa da 'yan kunnen da Inna ta saya mini na aure, na miƙa masa ba tare da ya roƙa ba.

Wani abokinsa ya haɗa shi da wani yaro bakanike mai zaƙin baki, wai sati ɗaya zai mayar da ita kamar jirgi. Sau ɗaya tak na tambaya me da me za a saya da kuɗin, maigida ya yi dariya ya ce, "Ke ina ruwanki da ƙarfe? Wannan harkar maza ce." Ni kuma sai na ji kunya na ja bakina na tsuke. Wallahi wannan shirun shi ne kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa.

Sati uku motar ta yi tana aiki. Ran nan ya ɗauko gero daga wajen Bichi, sai inji ya ɗau zafi, ya fara wani ƙara ƙwas-ƙwas, ya mutu a tsakiyar hanya. Da igiya aka jawo ta gida bayan isha'i. Da ya zaro sandar duba baƙin mai ya nuna mini, sai na ga man ya koma kalar kunun gyaɗa, wai ruwa ne ya haɗu da shi. Bakaniken nan kuwa tun daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana da maigida ba, ni ina kuka a ɗaki, shi yana zaune a soro ya rafka tagumi, abinci ma sai dai a ɗauke shi yadda aka ajiye.

Da na je na faɗa wa Inna, sai ta ce kuka ba ya gyara ƙarfe, in nemi tsohon bakaniken da yake duba wa Baffa motar, ai da tsohuwar zuma ake magani. Na dawo na durƙusa na ce da maigida, "Baban Abba, ɗibar adashina ta kusa, zan bayar duka, amma ina neman alfarma biyu. A yi aikin a soronmu, kuma duk abin da za a saya a nuna mini in rubuta." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ya amince.

Baba bakanike dattijo ne, gemunsa fari fat, ya san ni tun ina goye. Ranar da ya kwance injin na kai masa abinci na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Baba, don Allah me ya kashe ta?" Ya ce, "Yawwa 'yata, matambayi ba ya ɓata, matso ki gani." Ya nuna mini ramuka huɗu, ya ce su ne silinda, ki ɗauka turmi huɗu ne, fistin kuma taɓarya. Kafireta ita ke gauraya fetur da iska, fistin ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta, ƙarfin fashewar ya turo fistin ƙasa ya juya karanshaf, shi kuma ya juya ƙafafu. Ya ce ƙarfin inji daga abu uku yake zuwa, yawan abin da ya haɗiya, da yadda ya matse shi, da yadda ya fitar da hayaƙi ba wahala.

Yaron can matsewar kawai ya sani. Ya kai tof silinda an kankare shi fiye da kima don matsi ya ƙaru, alhali in matsi ya yi yawa fetur kan fashe tun lokacinsa bai yi ba, ya dinga dukan fistin. Sannan silindar Fijo irin wadda ake zarewa ce, makanikai suna ce mata silif, ruwa na zagaye ta, kuma dole bakinta ya ɗan ɗara gangar inji da kaɗan, a auna, don gaskit ya kama. Shi bai auna ba, gaskit ya ƙone, ruwa ya gangara cikin mai. Abin da ya fi ƙona mini rai, tsofaffin metal ɗin karanshaf ya wanke ya mayar, alhali ya karɓi kuɗin sababbi. Da na san ko da sunan metal a lokacin, ai da na ce a nuna mini kwalinsa.

Baba ya ce tunda ƙarfi ake so, a bar wahalar da ƙaramin inji. Na 404 si-si 1618 ne, akwai na ƙanwarta 504, wadda aka fara a 1968, mai si-si 1971, kuma 'yan gida ɗaya ne, yana zama a mazauninsa da ɗan gyara kaɗan. Faɗin silindarsa milimita 88 ne a maimakon 84, tafiyar fistin kuma 81 a maimakon 73, don haka ya fi haɗiya, ya fi jan kaya a tudu. Suka je Ƙofar Ruwa shi da maigida suka samo tsohon injin 504 wanda gangarsa ba ta tsage ba. Aka sayo sababbin silif da fistin da ringi, aka kai karanshaf wajen masu injin gyaran ƙarfe suka goge shi, aka sayo metal daidai da sabon awonsa. Kowane kwali sai ya biyo ta hannuna, na rubuta suna da kuɗi a littafin da nake lissafin adashi.

Kwana biyu cur Baba ya yi yana murza bawul ɗaya bayan ɗaya har suka zauna daram ba sa yoyo. Ya sa kafireta mai maƙogwaro biyu, ya ce na farkon ne ke aiki kullum, na biyun ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. Da ya zo ɗaure tof silinda da wata sifana mai ma'auni ya yi, daga tsakiya yana fita gefe, ba da ƙarfin damtse ba. Maigida har ya fara ƙosawa, Baba ya ce masa sauri ya haifi nawa, ai ka gani da idonka.

Da kuɗi suka kusa ƙarewa sai gardama ta tashi. Maigida yana so a yi mata fenti don a san an yi gyara, Baba ya ce a'a, babban inji ya fi zafi, sai an sa lagireto mai kauri, a sake kuloci, a gyara birki, don mota mai ƙarfi ba birki makara ce. Da dai a da ne shiru zan yi. Amma na buɗe littafina na ce, "Baban Abba, ga abin da ya rage, ba zai yi duka biyun ba, ni dai na fi son ka dawo gida lafiya da a ce motarka ta yi kyau." Ya yi murmushi ya ce to uwar lissafi, a yi birkin.

Bayan sati shida aka murza makulli. Ta yi tari sau biyu, sai ta kama da wata murya mai sanyi irin wadda nake ji da asuba in Baffa zai fita. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Baba ya kafa doka, kilomita 1000 na farko ba gudu, ba cika kaya, sannan a zubar da baƙin man a sa sabo, a sake duba ɗaurin tof silinda. Ni na riƙa tuna wa maigida kullum zai fita.

Ba zan ɓoye miki ba, babban inji babban ciki gare shi. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 mun ji a jikinmu, har na dinga yi wa maigida tsiya in ce ya bar maƙogwaro na biyu ya yi barci. Sarƙata kuma ba ta dawo ba, 'yan kunne ƙanana dai ya saya mini daga baya. Amma kuɗin makarantar yara da cefanen gida daga bayan motar nan suke fitowa, da tsohon fentinta duk ya koɗe.

Rannan ya wanke fulogi ya rikita wayoyin, mota ta ƙi tashi sai harbi take, ya rasa yadda zai yi. Na ɗauko littafina na karanto masa jerin da Baba ya faɗa, 1, 3, 4, 2. Ya mayar da su, ta tashi. Ya kalle ni ya kasa cewa komai.

To 'yar uwa, ban ce ki hana mijinki abin hannunki ba in ya shiga matsi, ni ma gobe zan sake bayarwa. Abin da nake cewa, ko gini ne, ko shago, ko mota, in dai guminki zai shiga, ki tambaya cikin ladabi, ki sa a nuna miki, ki rubuta. Ba raini ba ne, shi ma kina kare shi ne daga macuta. Littafin nan nawa har yanzu yana ƙarƙashin katifa, shafin farko ya yi baƙi da shatar yatsan Baba.