In Ta Fita, Yaran Fa?

A ƙauyukanmu na wajen Magarya, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, magana guda ce ke mayar da mace ɗakin mijin da ke dukanta: "In kin fita, ki aje mini ɗiyana." Mun taso muna jin cewa ɗiya na uba ne, har wasu suka ɗauka haka addini ya ce.

Yayata ta yi yaji sau uku. Duk sa'ar da ta zo gida, Inna ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, wa za shi riƙa miki yara?" Sai ta ɗaure kayanta ta koma. A karo na huɗu da karyayyen hannu aka kawo ta.

Kawunmu, wanda ya yi karatun Risala a zaure, shi ya ce a je gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya, in an tabbatar da cutarwa, alƙali na iya raba auren. Renon yara kuwa haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwar ta sake aure, kakarsu ta wajen uwa ke biye. Ci da sha da tufafi suna wuyan uba. Haka aka yanke wa Yaya.

Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda uban zai riƙa ganinsu, kuma ta nan fitina ta dawo. Sai ya zo da dare ya tsaya ƙofar gida, wai ya zo ganin ɗiyansa, yana zagi. Ran nan ya ɗauke babban daga makarantar allo, sai bayan mako biyu aka gan shi. Da aka koma kotu, aka tsara a takarda: kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya kai su gidan mai unguwa, ya ɗauko su kafin magariba. Tun ranan Yaya take barci, yaran ma ba su rasa ubansu ba.

Sai da na zo makarantar nan na san akwai wata ƙofa kuma. A 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar VAPP mai hana cin zarafin mutane, Jihar Sakkwato ta yi tata a 2021 zamanin Gwamna Tambuwal. Dokar tarayyar ta tanadi umurnin kariya: kotu ta hana mai dukan shiga gidan wadda ya cuta ko wurin aikinta, kuma in amfanin yaro ya buƙaci haka, ta gindaya sharuɗɗa kan ganinsa ko ta hana gaba ɗaya. Wanda ya karya umurnin ya yi laifi.

'Yan'uwana ɗalibai, hutu na tafe. Da yawanmu mu ne masu karanta wa gida takardar asibiti da saƙon waya. In wata taku ta dawo da kumburarriyar fuska, kada ku tsaya ga "yi haƙuri". Ku kai ta asibiti a rubuta raunin, ku nemi shaidu, ku raka ta kotu. In an zo maganar yara, ku roƙi alƙali ya sa rana da lokaci da wuri da mai rakiya a rubuce.