Ƙarfe takwas na safe a Manchesta: Yadda muka nemi ganin likitan unguwa

Na ga saƙonnin masu cigiyata a makonnin da kuka ji ni shiru. Tafiya ce ta kama ni zuwa Ingila. Ƙanwata da ke aure a birnin Manchesta ta haihu, na raka Ummanmu ta yi mata wankan jego. Na ɗauka zan huta da zancen ciwo da magani, ashe wani karatun ke jirana. Shi ne tsarabarku ta yau, musamman ke da ake shirin tura mahaifiyarku wajen mai jego a can, ko kai da kake haɗa takardun tafiya da iyali.

Unguwar su ƙanwata sunanta Longsight, kudu maso gabas da tsakiyar birni. Gidajen jan bulo ne a manne da juna, layi bayan layi. Ga shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash, ga mahautan halal, ga masallatai. Doya da manja ma ana samu idan aljihunki da nauyi. A watan Nuwamba muka sauka, yayyafi ba ya yankewa, kuma ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Umma ta ce ita ba ta taɓa ganin garin da rana ke rowar kanta haka ba.

Kwananmu tara da sauka Umma ta kwana da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Shekarunta 62, tana da hawan jini da ciwon suga. Da a shagona na Agege ne, minti ashirin ya ishe ni: in soki yatsa, in ɗiga jini a kan abin gwajin maleriya, in jira layi ya fito. To ni da nake sayar da abin gwajin nan kwali-kwali, ko ɗaya ban jefa a jaka ba. Maganin maleriya kuwa ba a miƙa maka shi a kemis ɗin can sai da takardar likita, ko da kai ne shugaban masu harhaɗa magunguna na duniya.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan zana muku tsarin. Hukumar lafiyarsu ta NHS ta fara aiki ranar 5 ga Yuli, 1948, kuma a wani asibiti da ke Davyhulme, nan gefen Manchesta, ministan lafiya na lokacin Aneurin Bevan ya ƙaddamar da ita. Ƙofar shiga tsarin ita ce likitan unguwa, wanda suke kira GP. Ba kamar gida ba da za ki yanki kati ki ce likitan zuciya kike son gani, a can sai likitan unguwa ya tura ki. Ganinsa kyauta ne ga kowa, har da baƙo. Wanda zai zauna daga kwana ɗaya zuwa wata uku yana iya yin rajistar wucin gadi, kuma a ƙa'ida ba dole ba ne ya nuna shaidar adireshi ko takardar zama.

Wurin da likitocin nan ke zama “sajari” suke ce masa, kalmar da mu muka sani da tiyata. Da Umma ta ji ƙanwata ta ambace ta, sai ta yunƙura daga cikin bargo. “Tiyata kuma? Ku 'yan nan, zazzaɓi fa kawai nake yi!”

Ƙarfe takwas daidai ake buɗe layin waya, kuma kusan duk marasa lafiyar unguwa a wannan mintin suke bugawa. Ƙanwata ta zauna da jaririya a kafaɗa da waya a kunne, na'ura tana faɗa mata ita ce ta ashirin da wani abu a layi. Sai da aka kusa minti arba'in mutum ya ɗauka. Ta ce mahaifiyarta ce ke zazzaɓi da ciwon jiki, kamar mura. Aka ce guraben yau sun cika, a ba ta farasitamol, a leƙa kemis, idan abin ya tsananta a kira 111, layin neman shawarar lafiya da ke aiki dare da rana.

Na ji haushi, amma da na natsu sai na ga inda gizo ya yi saƙa. Lokacin sanyi ne, rabin masu kira mura suke yi. Matar da ta ɗauki wayar ba likita ba ce, aikinta ta tantance wa za a gani yau, wa zai jira, kuma da abin da kika faɗa mata take aiki. Jimla ɗaya ce ba ta ji ba. Na zura rigar sanyi na taka zuwa wurin, tafiyar minti goma.

Wani tsohon gida ne aka gyara, ƙofarsa mai buɗe kanta. Na tsaya gaban tebur na ce: “Mahaifiyata ta zo daga Najeriya kwana tara da suka wuce, tana zazzaɓi, tana da ciwon suga, ina tsoron maleriya ce.” Nan take fuskar matar ta sauya. Ta rubuta wa likitan da ke duba larurar gaggawa a ranar, ta miƙo mini fom na rajistar wucin gadi, ta ce in kawo ta ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin.

Ɗakin jiran ya ba ni mamaki da shirunsa. Babu mai talla, babu mai wa'azi, babu nas mai tsawa. Allo ne a bango, ya yi ƙara, sunanka ya fito tare da lambar ɗaki. A kusurwa akwai na'urar awon hawan jini da mutum zai zura hannu ya auna da kansa. Wata dattijuwa 'yar Somaliya tana jiran a haɗa ta da tafinta ta waya, wanda kyauta ne idan an nema tun wajen karɓar lokaci. Wani tsoho Bature da ke kusa da ni ya ce shi ba jiran ne ke damunsa ba. A da likita ɗaya ya san shi ya san matarsa shekara da shekaru, yanzu duk zuwa sabuwar fuska, sai ya sake labarinsa daga farko. Wata mai goyo kuma ta ce ta daina kiran waya, fom take cikewa ta intanet, ranar ma da safe ta tura aka ce ta kawo yaron. Wuri ɗaya, likitoci ɗaya, amma kowa da irin labarinsa.

Minti goma ake ware wa kowane mara lafiya, kuma so suke a zo da matsala ɗaya. Umma kuwa ta shiga da gaisuwa, ta biyo da gwiwa, ta biyo da ido. Ina fassarawa ina taƙaitawa, Allah ya yafe mini. Da likitan ya tambaye ta me take zaton yana damunta, sai ta juyo ta kalle ni: “Ni zan faɗa masa? To shi me ya karanta?” Haka ake koyar da su, su ji tsoron da ke ran mara lafiya. Ya auna zafin jiki da jini da suga, ya tambayi ranar saukarmu, ya rubuta takarda ya ce mu wuce asibiti yanzu, don a can ake gwajin jinin maleriya kuma ba a kwana da shi.

Sakamako ya nuna falsifarum, nau'in da ya fi kisa, wanda shi ne ya fi yawa a ƙasarmu. Suka kwantar da ita kwana ɗaya, suka ba ta haɗin atemita da lumefantirin, wato Coartem ɗinmu na gida, can sunansa Riamet, a sha sau shida cikin kwana uku tare da abinci mai maiƙo ko madara. Ba bakon abu ba ne a wurinsu: a 2023 an samu kimanin mutum 2,000 da suka shigo Birtaniya da maleriya, akasarinsu daga Afirka ta Yamma, kuma mafi yawa mazauna can ne da suka je gida ziyara. Wanda ya daɗe a waje garkuwar da ya taso da ita tana raguwa. Don haka idan 'yan'uwanku za su zo hutu, ku daina yi musu dariyar shan maganin rigakafi.

Batun kuɗi fa? A nan baƙo zai yi hattara. Likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an kwantar da mai bizar ziyara, ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Mu mun tsira ne don maleriya na cikin cututtuka masu yaɗuwa da doka ta ɗauke wa caji, kamar tarin fuka. Da shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da Umma, da wani zancen ake yi. Inshorar tafiya ba almubazzaranci ba ce. Maganin da likitan unguwa ya rubuta kuma fam 9.90 ne kowane ɗaya a lokacin da na je, sai dai 'yan shekara 60 zuwa sama da yara 'yan ƙasa da 16 da masu ciki ba sa biya.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, na dawo da kishi biyu. Na yi kishin yadda ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar gyaɗa. Tun Janairun 2024 an ba kemis a Ingila damar duba larurori bakwai, irin su ciwon maƙogwaro da ciwon kunnen yara da ciwon mafitsarar mata, amma bisa ƙa'ida a rubuce. Mu kuwa kun san halinmu, da mai saye da mai sayarwa. A ɗaya gefen, na yi kewar sauƙin gida, inda uwa mai zazzaɓi ba ta buƙatar iya tsara magana kafin a duba ta.

Idan tsohuwarku za ta yi tafiya, ku haɗa mata maganinta na dukan kwanakin a cikin kwalayensa na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin kowane magani, domin sunan kamfanin da kuka saba da shi ba lallai su san shi ba. Ku rubuta mata ranar da ta baro Najeriya a takarda cikin jakarta. Duk zazzaɓin da ya zo, ko bayan watanni ne, wannan ranar ake fara faɗa.

Gwiwa da ido sai da muka karɓi wani lokacin daban, sati biyu da 'yan kwanaki. Bayan nan saƙo ya shigo wayar ƙanwata, suna tambayar yadda muka ga hidimarsu. Umma tana gasa wa jaririya cibi ta ce, “Ki rubuta musu yaron ya san aikinsa. Amma a koya masa gaisuwa.”