Wasiƙa kafin aski: yadda baƙo ke neman masauki a dajin Ubon

A lardin Ubon Ratchathani, can arewa maso gabashin Tailan, wajen iyakar Laos, akwai wani gidan zuhudu na mabiya addinin Buda mai suna Wat Pah Nanachat. Daga Turai, Amurka, Ostiraliya da sauran ƙasashen Asiya mutane ke nufo shi da niyyar su aske kai, su ɗaura mayafin zuhudu, su bar duniya da abin da ke cikinta. Sai dai ba gida ba ne da ake faɗo masa da jaka a kafaɗa a ce an zo. Shekara da shekaru ƙa'idarsa ta kasance mutum ya zauna ya rubuta wasiƙa ta takarda, da ambulan da kan sarki, zuwa ga malamin da ke kula da baƙi. Ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi inda ya taɓa zaman ibada, ya faɗi lokacin da yake son zuwa. Daga nan sai jiran amsa, wanda kan ɗauki makonni.

Mai gaggawa zai ce wannan wahalar da mutane ne kawai. Amma duk wanda ya bi tsarin daki-daki zai ga cewa da gangan aka sa ƙofar ta yi nauyin buɗewa, kuma akwai tausayi a cikin hakan. Mutum kan yanke shawarar barin duniya a daren da aure ya mutu, ko aiki ya kuɓuce, ko wani littafi ya taɓa masa zuciya. Gidan yana so ya ga ko niyyar za ta kai wata uku da ranta.

Ajahn Chah, malamin da duk wannan ya samo asali daga gare shi, ɗan manoma ne na yankin. An haife shi a 1918, ya kafa gidansa na Wat Nong Pah Pong a 1954 cikin wani daji kusa da ƙauyensu. A 1967 wani Ba'amurke da ya yi aikin jinya a rundunar sojin ruwa zamanin yaƙin Koriya ya iso wurinsa, shi ne wanda duniya ta sani daga baya da Ajahn Sumedho. Wasu baƙin suka biyo sahu har suka yi yawa, ga kuma matsalar harshe. A 1975 kaɗan daga cikinsu suka tafi wani kurmi kusa da ƙauyen Bung Wai don su gasa kwanukansu na ƙarfe, domin sai an gasa su a wuta sannan ba sa tsatsa. Kurmin wurin ƙona gawa ne, mutanen ƙauyen suna shakkarsa. Su ne suka roƙi baƙin su zauna. Ajahn Chah ya amince, ya ɗora Sumedho a kan shugabanci, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Haka Wat Pah Nanachat ya kafu. Daga wannan kurmi ne rassa suka fita: Chithurst a Ingila a 1979, Bodhinyana kusa da Perth a 1983, Amaravati a 1984, Abhayagiri a Kalifoniya a 1996. Masu niyya da yawa a waɗannan rassa suke fara gwada kansu kafin su sayi tikitin Bankok.

Wat Pah Nanachat ba makarantar 'yan koyo ba ne, kuma ba ya ɓoye hakan. Ba a ba da darasi awa-awa, ba mai riƙe hannun baƙo ya nuna masa yadda zai zauna ya tattara hankalinsa. Wanda bai taɓa yi ba, ya fi masa ya fara da wuri irin Suan Mokkh da ke kudancin ƙasar, gidan da wani malami mai suna Buddhadasa ya kafa a 1932, inda ake zaman shiru na kwana 10 a farkon kowane wata, a kwana kan dakalin siminti da matashin katako. In ya fito bai tsani kansa ba, to ya rubuta wasiƙar Ubon.

Sai zaɓen lokaci. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba, wata uku na damina, masu zuhudu ba sa tafiye-tafiye, kowa yana zaune a gida ɗaya, bukkoki sun cika. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne mai narka mutum. A tsakiyar Janairu kuwa dubban jama'a ke taruwa a Wat Nong Pah Pong don tunawa da Ajahn Chah, wanda ya rasu ranar 16 ga Janairun 1992 bayan kusan shekara 10 yana kwance ba ya magana, almajiransa na jinyarsa. Daga Bankok tafiyar ta kai kilomita 600, kuma jirgin ƙasa na dare yana sauke mutum da safe a Warin Chamrap, ba nisa da gidan.

Da isarsa zai miƙa wayarsa a ajiye. Zai ɗauki alkawura takwas: ba kisa ko da na sauro, ba ɗaukar abin da ba a ba shi ba, ba kusantar mace ko namiji ta kowace fuska, ba ƙarya, ba kayan maye, ba cin abinci bayan rana ta take, ba kiɗa ko rawa ko ado, ba kwanciya a gado mai taushi. In namiji ne kuma zai wuce 'yan kwanakin farko, za a ce ya aske kansa. Ƙararrawa na bugawa da ƙarfe 3 na dare. A taru a babban zaure, a yi karatu da harshen Pali, a zauna shiru har gari ya fara wayewa. Daga nan malamai su fita ƙauyuka ba takalmi, kowa da kwanonsa, baƙi kuma su ɗauki tsintsiya.

Bahaushe zai ga wannan fita ya tuna da almajiri da kwanonsa a ƙofar gida. Kamar tana nan, amma da bambanci babba. Mai zuhudu ba ya buɗe baki ya roƙa, ba ya sallama, ba ya godiya. Masu bayarwa ne ke fitowa bakin hanya su jira shi, tsofaffin mata a durƙushe da kwandon shinkafa mai danƙo, su ɗebo da hannu su sa masa, su ne kuma ke ganin an yi musu alheri. Abin da aka samo, haɗe da wanda mutanen gari suka kawo kicin, shi ake ci wajen ƙarfe 8 na safe. Shi ke nan abincin yini. Da la'asar akwai shara da ɗiban ruwa da wankin banɗaki, sai shayi ko ruwan 'ya'yan itace. Sau huɗu a wata, gwargwadon tafiyar wata, ana raya dare da zama har asuba.

Waɗanda suka yi zaman sukan ce yunwa ba ita ce babbar jarrabawa ba. Kaɗaici ne, da rashin abin yi. Mutum na cikin bukkar katako a kan ƙafafu, a tsakiyar daji, gabansa 'yar hanya mai taku ashirin da wani abu wadda zai yi ta kai da komo a kanta, tururuwa na bin ƙafarsa, wani lokaci maciji ya gitta. Ba labarai, ba hira, ba mai yaba masa. Duk abin da ya gudo wa a garinsu yana nan zaune tare da shi.

In ya jure kuma jama'ar gidan suka ga alamar zai iya, sai a sa shi cikin fararen kaya a matsayin pa-kao. Watanni zai yi yana hidima: wanke kwanuka, miƙa wa malamai abinci, riƙe kuɗin mota in an yi tafiya, tunda su ba sa taɓa kuɗi. Bayan haka ya zama samanera, mai alkawura 10, ya saki kuɗi shi ma, ya yi kamar shekara guda. A nan yake koyon ɗinka mayafinsa da rina shi da ruwan itacen jakfurut, wanda ke ba kayan masu zuhudun daji launin ƙasa-ƙasa. Sai a ƙarshe a naɗa shi bikku, wato cikakken mai zuhudu, mai dokoki 227, da sharaɗin zai zauna ƙarƙashin malami shekara biyar. Wannan ya sha bamban da al'adar 'yan ƙasar, inda saurayi kan shiga zuhudu na 'yan makonni ko damina ɗaya ya fito ya yi aure. Sarki Bhumibol da kansa ya yi kwana 15 a cikin mayafin a 1956.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tambayoyin da ake yi wa mutum a bainar jama'a ranar naɗi, waɗanda suka haura shekara dubu biyu ana yin su. Ka cika shekara 20? Kana da kuturta, ko tarin fuka, ko farfaɗiya? Kai ɗa ne ba bawa ba? Ana bin ka bashi? Kana cikin aikin sarki? Iyayenka sun yarda? Kwanonka da mayafinka sun cika? Biyu daga ciki ne ke tsayar da baƙi na zamani. Ɗalibin Amurka da ya ci bashin karatun jami'a sai ya koma ya yi aiki ya biya, ko da zai ɗauke shi shekaru. Maganar iyaye kuwa tana da tarihi: littattafan addinin sun ce bayan Buda ya shigar da ɗansa Rahula cikin zuhudu, mahaifinsa Sarki Suddhodana ya zo ya kai kukan zafin rabuwa da ɗa, daga nan aka kafa dokar. Har yau mutum mai shekara 40 da digiri biyu sai ya nemo yardar tsohuwarsa, wadda wataƙila Kirista ce da ba ta fahimci me ya sami ɗanta ba. Doka ce mai kyau. Ta hana mutum ya mai da addini mafakar gudun hakkin mutane, kuma ta tilasta masa zama da mahaifiyarsa su yi maganar da yake ta kauce wa.

Gidan ba ya karɓar ko sisi na masauki ko abinci, da sadakar jama'a yake tafiya. Amma tikiti da biza da inshorar lafiya duk a wuyan baƙo suke, kuma kafin a naɗa shi, shi ne zai yi ta faman sabunta izinin zama. Mai fasfo na Nijeriya zai ƙara da katin allurar rigakafin cutar shawara, wanda Tailan ke nema daga ƙasashen da cutar take.

Ga mata hanyar ta fi ƙunci, kuma bai kamata a rufe hakan ba. Suna iya zuwa baƙunta, a sauke su a ɓangarensu daban, amma a Tailan an hana malamai naɗa mata cikakken naɗi tun 1928. Dhammananda, wadda malamar jami'a ce a Bankok, sai da ta je Siri Lanka a 2003 sannan ta samu. Da wani malami, Ajahn Brahm, ya shirya naɗin mata a Perth a 2009, an cire gidansa na Bodhinyana daga jerin rassan Wat Nong Pah Pong. Mace mai niyya takan nufi Siri Lanka, ko Ostiraliya, ko tsarin mata masu alkawura 10 da aka fara a Chithurst a 1983.

Da yawa ba sa kaiwa ga naɗi, kuma ba a ɗaukar hakan abin kunya. Wasu a makon farko suke tattara kayansu, wasu bayan watanni a fararen kaya. Ko wanda aka naɗa, in ya ga ba zai iya ba, ya isa ya faɗa a gaban mutum ɗaya da ya fahimci maganarsa cewa ya ajiye horon, sai ya koma cikin wando da riga. Wanda aka rufe wa ƙofa har abada shi ne wanda ya aikata ɗaya daga manyan laifuka huɗu yana cikin mayafi: jima'i, sata, kisan mutum, ko ƙaryar cewa ya kai wani matsayi na ruhi. Wanda ya fita da kansa yana iya dawowa a sake naɗa shi, sai dai shekarunsa na baya ba sa shiga lissafi, kuma a layin abinci zai zauna bayan duk wanda ya riga shi sabon naɗin ko da da awa ɗaya ne.