Yatsan Kawu da Madannina

Hutun bara, lokacin kaka, na koma ƙauyenmu da ke kusa da Dambatta da kwamfuta a jaka, ina ji da kaina. A zangon da ya wuce aka koya mana Microsoft Access, kuma na ƙudura sai na gwada shi a kan wani abu na gaske. Kawuna ne sakataren ƙungiyar manoman garinmu. Da damina ƙungiya takan sayo takin zamani, NPK da Yuriya, buhu mai kilo 50, ta raba wa mutane bashi, in an yi girbi kowa ya biya da kuɗi ko da hatsi. A wajenmu gona manne take da gona, ba a barin ƙasa ta huta, don haka ko rabin buhu ne mutum ba ya wasa da lissafinsa.

Duk wannan lissafi yana cikin wani katon littafi da bangonsa ya sha jiki. Kwana huɗu na yi ina kwashe sunaye sama da 300 zuwa rumbun bayanai, na yi fom mai jero su layi-layi, na sa madanni ɗaya da na rubuta wa "Sabunta". In an shigar da biya ko sabon suna, sai a danna shi komai ya fito daidai.

Ranar karɓar biya muka zauna a zauren mai unguwa. Nan aibin ya bayyana. Duk sanda na danna Sabunta, sai fom ɗin ya yi tsalle ya koma kan suna na farko. Ina layi na 200 da wani abu, sai in tsinci kaina a na 1, in sake gangarowa ina laluben inda nake. Da farko dariya abin ya ba ni. Amma ga mutane a tsaye da buhunan gero da dawa, ga batir yana ja baya, sai na shiga sauri. Kuma kun san garuruwanmu: ka kira Sani, mutum biyar ne za su waigo, uku daga ciki sunan mahaifinsu ɗaya.

Bayan mako biyu aka karanta sunayen waɗanda ba su biya ba, sai ga sunan wani dattijo, sa'an kakana. Ya miƙe a hankali ya ce, "Ɗan nan, ba a gabanka na sauke buhuna ba?" Na ce, "Baba, ga abin da na'ura ta nuna." Wallahi har yau in na tuna wannan amsa sai kunya ta kama ni. Ashe bayan wani tsallen, na gangaro na sauka kan takwaransa, layi biyu a sama, na rubuta masa biyan da bai yi ba. Kawu bai ce komai ba. Ya jawo littafinsa, wanda ashe bai daina rubutu a ciki ba, ya buɗe daidai inda ya soka tsinken kara, ya ɗora yatsa a kan layin. An biya. Washegari na je har gida na durƙusa na ba dattijon haƙuri.

Da daddare na zauna na bi abin daga tushe. Umarnin da na sa a bayan madannin shi ne Requery. Aikinsa ya watsar da jerin da ke gabanka ya ɗebo sabo daga rumbu, shi ya sa yake mayar da kai farko. Akwai ɗan'uwansa Refresh, wanda ba ya motsa ka daga inda kake, sai dai ba ya nuna sabbin sunayen da aka ƙara. Na gwada ajiye alamar wuri, wadda Access ke kira Bookmark, kafin sabuntawa, amma Requery yana kashe tsofaffin alamomi. Tamkar ka soka tsinke a littafi ne, sai a canja maka littafin.

Abin da ya yi aiki shi ne lamba. Kowane manomi yana da lambarsa da ba ya tarayya da kowa, ko da sunansu ɗaya da mutum goma. Kafin sabuntawa sai shirin ya riƙe lambar wanda nake kansa, ya sabunta, ya nemo lambar a sabon jeri da FindFirst, ya mayar da fom kanta. Na kuma hana allo motsi har sai an gama, don kada ido ya ga tsallen. Duka-duka bai kai layi goma ba. Inda na ɗan sha wuya shi ne jerin masu bashi zalla: da zarar mutum ya biya, sunansa ya fita, babu lambar da za a nemo. Nan na sa ya sauka kan wanda ke biye da shi. Na kuma fito da lamba da sunan unguwa kusa da kowane suna, da manyan baƙaƙe.

Abin da ke ba ni mamaki, a aji da na kai wannan fom ɗin da maki mai kyau zan ci. Sunaye goma muke sakawa mu gwada, duk suna kan allo ɗaya, ina za ka ga tsalle? Malami ya duba, ya ga yana ajiyewa yana gogewa, shi ke nan. Ku da ke shirin aikin ƙarshe ko za ku fita SIWES, ku cusa wa fom ɗinku sunaye 500, da masu kama da juna, ku sa wani ya tsaya a kanku yana cewa ku yi sauri.

Bana ma ni na karɓi biyan, kuma fom bai yi tsalle ko sau ɗaya ba. Kawu dai yana gefena da littafinsa a cinya. Na ce, "Kawu, ai yanzu an gyara." Ya ce, "Na gani," ya matsar da tsinkensa shafi na gaba.