Jak: Sunan Mutum Da Ya Koma Ƙarfe

Mu huɗu ne muka taso daga jami'a za mu gida hutun ƙarshen zango. Mun wuce Giwa kaɗan, kan hanyar Funtuwa, sai tayar bas ɗinmu ta baya ta fashe. Direba ya gangara gefen titi, kowa ya sauka yana tsaki, ya ƙwalla wa yaron motarsa kira: "Kai, ɗauko jak!"

Muna tsaye ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa, sai ɗayanmu da ke karanta Turanci ya ce, "Kun san jak ɗin nan sunan mutum ne?" Muka fashe da dariya. Ya ce mu ajiye musun, duk wanda ya faɗi shi zai sayi shayi da burodi in an koma makaranta. Ƙannenmu, ba za mu ɓoye muku ba: mu uku muka saya.

Ga abin da muka gano. Jack tsohon suna ne na Ingila, kuma asalinsa lakabi ne na John, kamar yadda mu muke mai da Abubakar Garba, Muhammadu Mamman, Ibrahim Iro. John ɗin kansa baƙo ne a Ingila. Daga Ibrananci ya taso, Yohanan, wato Allah ya yi alheri, ya ratsa Girkanci da Latin kafin ya isa bakin Turawa. Shi ne Yohanna, kuma wanda Kiristoci ke kira Yohanna Mai Baftisma shi Musulmi suka sani da Annabi Yahaya. Saboda haka in akwai Yahaya ko Yohanna a ajinku, ku faɗa masa yana da takwara a but ɗin kowace mota.

To yaya John ya zama Jack? A wancan zamani mutanen Ingila sukan liƙa "kin" a ƙarshen suna don ƙanƙantawa da nuna ƙauna, kamar mu ce ɗan wane. Jan, wani lafazin John, ya zama Jankin, ya koma Jackin, baki ya gutsure wutsiyar ya bar Jack. Wasu masana kuma suna ganin sunan Faransanci Jacques, wato Yakubu, ya sa hannu a ciki. Abin sha'awa, Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, abokan aikinsa sojoji Jack suke ce masa. Shugaban Amurka John Kennedy ma da Jack aka san shi a gida.

A rajistocin haraji na Ingila na ƙarshen ƙarni na 14, kusan duk maza uku ɗaya John ne. Sunan da ya yi irin wannan yawa ba ya nuna kowa. Sai Jack ya zama sunan duk wani talaka da ba a damu a san sunansa ba: manomi, bara, ɗan aike, lebura. Masu hannu da shuni in sun ce Jack, da raini suke faɗa. Talakawan kuwa suka rungume shi. Cikin jagororin boren manoma na 1381 akwai wanda ake kira Jack Straw, kuma a 1450 Jack Cade ya jagoranci mutanen Kent suka shiga Landan suna ƙorafin zaluncin mahukunta. A Faransa ma, boren manoma na 1358 daga sunan Jacques ya samo sunansa, don haka masu sarauta ke kiran kowane baƙauye.

Daga nan sunan ya bazu ko'ina. Matuƙin jirgin ruwa Jack Tar ne, saboda kwaltar da ba ta rabuwa da aikinsa. Mai saran katako a daji lumberjack. Namijin jaki jackass, amma kada kunne ya yaudare ku, Bahaushe na da jakinsa da sunan jakinsa tun kafin Bature ya iso. A tatsuniyoyinsu Jack shi ne yaron nan ɗan talaka mai wayo da ke kayar da ƙaton dodo, kamar dai Auta a namu. Da wani makashi ya addabi unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, ba a san ko wane ne ba, Jack aka laƙaba masa. A karta, katin da ke ƙasa da sarki da sarauniya shi ne jack, wato bawan fada. A littafin Great Expectations na Charles Dickens, wanda ya fito a 1861, akwai inda wata yarinya 'yar gidan masu kuɗi take yi wa yaron maƙeri ba'a don kawai ya kira katin da wannan suna na talakawa.

Har tuta ta samu rabonta. Ƙaramar tutar da ake kafawa a goshin jirgin ruwa jack ake ce mata, kuma daga nan ake ganin tutar Birtaniya ta samo laƙabin Union Jack. An fara haɗa ta a 1606, ta ɗauki kamanninta na yanzu a 1801. Ita Lugga ya ɗaga a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, ita kuma aka sauke a Legas daren da ya wayi 1 ga Oktoba, 1960. Wannan kam ku riƙe, yana iya fito muku a jarrabawar tarihi.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda sunan ya koma ƙarfe. A gidajen manya na Ingila akwai yaron da aikinsa ya cire wa maigida dogon takalminsa, akwai wanda ke wuni gaban wuta yana juya nama. Dukansu Jack. Da aka ƙera katakon cire takalmi, sai aka ce masa jack. Da aka ƙera na'urar juya nama, ita ma jack. Duk wani abu da zai yi maka aikin wahala ba tare da ya yi magana ba, sai ya gaji sunan. Haka aka zo kan ƙarfen ɗaga nauyi, wanda ya biyo motoci har ƙasarmu, bakanike ya ce jak. Ramin da kuke soka abin sauraro a jikin waya ma haka sunansa yake.

Da muka kai nan a binciken, sai hira ta mutu a ɗakin. Ɗayanmu ya ce, "Wai yaron nan na ranar, menene sunansa?" Muka dubi juna. Yaro ne da bai wuce sa'arku ba, ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida. Ya kwanta kan kwalta mai zafi ya cusa jak, ya hau kan sifana da ƙafa yana kwance notin da suka ci tsatsa, ya mirgino safaya, ya kusa awa guda yana fama. Mu kuwa muna inuwa muna gardamar asalin kalma. Mun ce masa "kai yaro" ya fi sau biyar, ɗaya don ya yi sauri, ɗaya don ya sauko mana da jaka. Babu wanda ya tambayi sunansa. Kuma kun san abin da Bahaushe ke kiran mai wannan aiki: karen mota. Turawa sun ba ƙarfe sunan yaro, mu mun ba yaro sunan dabba.

Abin ya yi mana ciwo ne domin mu ma mun ɗanɗana. Duk cikinmu ba wanda bai taɓa jin an kira shi "aboki" a wani gari ba, da muryar da ke nuna ba abota ake nufi ba. Kalma ce mai daɗi, amma in aka mai da ita sunan kowa da kowa, sai ta zama hanyar cewa ba sai na san ka ba. Muna dawowa mu yi ta ƙorafi a kan haka, sannan mu leƙa ƙofar gida mu ce "kai almajiri", "ke mai talla", "kai mai ruwa".

Labarin Jack dai bai ƙare da raini ba. Sunan ya daina zama lakabi, ya tsaya da ƙafarsa, har ya shafe fiye da shekara goma a jere, zuwa 2008, yana kan gaba cikin sunayen da ake raɗa wa jarirai maza a Ingila da Wales. Suna ya samu daraja bayan ɗaruruwan shekaru. Yaran da suka juya naman nan kuwa, ba wanda ya rubuta nasu.

Mun sake bin hanyar sau biyu tun daga lokacin, muna duba yaran motoci a tasha, ba mu gan shi ba. Abin da muka iya yi kawai shi ne muka soma da na kusa. Yaron da ke kawo mana ruwa a ɗakin kwana, shekara biyu muna ce masa "mai ruwa". Ranar da muka tambaye shi sunansa, sai ya ajiye jarka ya tsaya yana kallonmu, ya ɗauka wani abu ne ya ɓata za a kai ƙararsa. Da ya gane ba haka ba ne, ya faɗa mana, ya kuma ƙara da sunan garinsu.

Ku ma akwai irinsa a makarantarku: mai shara, mai gadi, mai dafa abinci, ko mai sayar muku da awara a bakin ƙofa. Ranar Litinin ku tambaya.