Kowane Wuya Da Nasa Awo



Shekarar da na gama sakandare na ɗaura aniyar neman gurbin karatu a Amurka. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne Common App, wani shafin intanet da jami'o'i sama da dubu suke karɓar takardun ɗalibai ta cikinsa. Za ka cika fom ɗaya, ka rubuta muƙala ɗaya a kan rayuwarka wadda ba ta wuce kalmomi 650 ba, ka aika wa makarantu har 20. Ga wanda ya saba da JAMB, abin bai zo min da baƙunta ba.

Wata uku na yi ina gyaran muƙalar nan. Na saka karatu a hasken aci-bal-bal, na saka talauci, na rufe da alkawarin ceto Afirka. Maganar gaskiya, gidanmu ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma fitila mai caji muke kunnawa idan an ɗauke wuta. Amma na karanta irin muƙalun da ake cewa sun yi nasara, sai na ɗauka abin da Bature yake son ji ke nan. Haka na aika ta makarantu takwas.

Sai a watan Nuwamba na nemi MIT a cikin jerin, makarantar da tun farko saboda ita na fara wannan fafutuka. Ba ta fito ba. Ashe ba ta cikin Common App, nata shafin daban, nata tambayoyin daban. Haka ma Jami'ar Kalifoniya mai rassa tara na masu digirin farko: tambayoyi takwas take bayarwa ka zaɓi huɗu, kowace amsa kada ta wuce kalmomi 350, tana rufewa a ƙarshen Nuwamba, kuma kowane reshe da kuɗin fom ɗinsa. Da na gano cewa tallafin da take ba ɗaliban ƙasashen waje kaɗan ne ƙwarai, na haƙura da ita don kada in ƙona kuɗin Baba a banza. MIT kuwa tana biya wa duk wanda ta ɗauka buƙatarsa, ko daga ina ya fito. Sai dai tambayoyinta gajeru ne, amsa ba ta wuce kalmomi 200.

Dabarar malalaci na yi. Na ɗauko muƙalata na fara yayyanka ta, wannan sakin layi ga wannan tambaya, wancan ga waccan. Mahaifina tela ne, a shagonsa nake zama ina wannan aiki da waya. Da ya ga na kwana biyu ina tsaki, ya tambaye ni, na yi masa bayani. Ko ɗagowa daga kan keke bai yi ba ya ce, "Kai yanzu ka taɓa ganin na farke rigar wani na ɗinka wa wani? Kowane wuya da nasa awo."

Tambayar da ta kayar da ni ita ce wadda ke son sanin abin da nake yi don jin daɗi kawai. Babu inda zan cusa aci-bal-bal a ciki. Na daɗe ina kallon ta kafin na yarda in faɗi abin da nake jin kunyarsa: kiwon tattabaru. Na rubuta yadda tattabara take yin ƙwai biyu, yadda namiji yake kwanci da rana mace ta karɓa da dare, da yadda nake jan layi da gawayi a jikin bango ina ƙirga kwana 18 kafin ƙyanƙyasa. Da na karanta wa Yayata, ta ce, "To, yau dai na ji muryarka. Waccan ta farko ban san wanda ya rubuta ta ba."

A tsakiyar Maris amsa ta zo, ba a ɗauke ni ba. Sauran takwas ɗin ma ba a dace ba. Yanzu ina karatu a nan gida, alhamdulillahi. Rashin MIT bai daɗe yana damuna ba, domin ni ɗin suka gani suka zaɓi wasu. Abin da har yau yake min ciwo shi ne makarantu takwas sun yanke hukunci a kan wani yaro da na ƙirƙira, ni kuwa ba su taɓa haɗuwa da ni ba.

Duk mai shirin nema, tun a watan Agusta ya duba shafin kowace makaranta da kansa: ta ina take karɓa, yaushe take rufewa, nawa ne kuɗin, me take tambaya. Kada kuma ya yayyanka tsohon rubutu kamar yadda na yi.

Amsar nan ta tattabaru ita ce daga baya ta zama gajeren labarina na farko. Har yanzu idan rubutu ya fara yi min kama da aci-bal-bal, sai in ajiye shi in sake awo.

Allah Ya sa mu dace.